Ɓarawon Wuta a Cikin Tsohuwar Boksina

Motar da nake magana a kanta Toyota Hilux ce ƙirar 1991, mai injin dizal, irin wadda a nan Sudan ake kira boksi. Da ita nake kai iri da man tarakta da abincin leburori gonarmu da ke kudu da Gadarif, ta wajen hanyar Doka, da ita kuma nake ɗebo buhunan riɗi da na dawa idan kaka ta yi. Daga watan Nuwamba har zuwa Yuni babu ranar da take wuni ba a tayar da ita ba, shi ya sa ban taɓa sanin tana ɗauke da wata cuta ba. Damina ce ta tona asirin. Duk wanda ya san baƙar lakar ƙasar Gadarif ya san cewa idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, hanyar gona takan rufe kwana uku ko huɗu, tarakta kaɗai ke iya ratsawa, ƙananan motoci kuwa sai dai su zauna a gida su jira ƙasa ta sha iska.

A irin wannan zaman ne, cikin Agustan 2021, na fito bayan sallar asuba da niyyar tafiya gona, motar tana kwana na uku a ajiye. Na murɗa makulli, fitilar hita, wato abin da ke ɗumama injin dizal kafin ya tashi, ta kawo ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, sitata ta yi ƙas-ƙas sau biyu, sai shiru. Tsakar gidan duk laka ce, babu maganar tura mota, don haka sai da na tashi maƙwabcina ya kawo batirinsa muka jona.

Ban tsaya wani dogon tunani ba, na ɗora wa batir laifi. Ya shekara biyu a jikin motar, kuma zafin Afrilu da Mayu a garin nan, da ke haura digiri 40, yana cin batir fiye da yadda aiki ke cinsa. Na je wani shago a unguwar masu gyaran motoci, yaron shagon ya ɗora mita a kan batirin injin yana aiki, ya ga bolt 13.6, ya ce dinamo lafiyarsa lau, batir ne ya tsufa. Dinamo shi ne abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira altaneta. Na sayi sabo mai ɗaukar amfiya-awa 70, tsohon kuma na kai wa Baffana, wanda yake da ƙaramin faifan sola da yake kunna fitila biyu da shi.

Bayan kwana goma aka sake yin ruwa, motar ta sake kwana uku a ajiye, sabon batir ya sake mutuwa murus.

Baffana ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota Bedford tsakanin Gadarif da Fot Sudan, don haka idan maganar mota ta taso a gidanmu, ta bakinsa ake fara ji. Da na kai masa kuka bai ko ɗago daga shayinsa ba, ya ce, “Ka riƙa cire kan batir ɗaya idan za ka kwanta. Mu da haka muka yi tuƙinmu, ba mu taɓa kwana a hanya saboda batir ba.” Na bi shawararsa har mako biyu, kuma gaskiya ta yi aiki, domin ko kwana huɗu motar ta yi, da zarar na mayar da kan batirin takan tashi a bugu ɗaya. Wannan ya wanke batirin daga zargi: idan an raba shi da motar yana riƙe cajinsa, idan an bar shi a jone yana tsiyayewa. Sai dai ban ji daɗin dabarar ba. Kullum sai na buɗe bonet da sifana a hannu safe da dare, maƙallin kan batirin ya fara saki saboda yawan kwancewa da ɗaurewa, kuma na san cewa duk abin da ke shan wuta a mota da makulli a aljihu, wata rana yana iya zama abin da zai kama da wuta.

Wani dare ina mayar da kan batirin a cikin duhu sai na lura da wani ɗan shuɗin tartsatsi da ke tashi daidai lokacin da ƙarfen ya taɓa dalma. Ƙofofi a rufe, fitilu a kashe, makulli yana hannuna. Na kira Baffa ya gani, ya ce, “To, ga ɓarawonka nan, saura ka san ta ƙofar da yake shigowa.” Shi ne kuma ya koya mini gwajin da direbobin zamaninsu ke yi. Ana cire wayar kan batir mai alamar ɗebewa, wanda masu gyara a nan ke kira salib, a sa ƙwan fitila a tsakanin wayar da kan batirin, ta yadda duk wutar da motar za ta ja sai ta ratsa ta cikin ƙwan. Idan ya kama, akwai mai sha. Daga nan sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a zo kan wanda zai kashe ƙwan.

Washegari da hantsi na ɗauko ƙwan sigina mai wat 21, na ɗaura masa wayoyi biyu, na jona kamar yadda aka ce. Zaren cikinsa ya yi ja kamar bakin taba sigari. Na shiga ƙarƙashin sitiyari ina zare fis, ƙanena yana tsaye a gaban mota yana kallon ƙwan. Da na zare wanda aka rubuta DOME a kansa, wato na fitilar cikin mota, sai ya ce, “Yaya, ya mutu!” Na fito na duba da idona, lallai ban ga komai ba. A motocin Toyota na wancan zamani wannan fis ɗin ne kuma ke bai wa agogo da rediyo ɗan wutar da suke riƙe lokaci da tashoshi da ita, don haka na zaro rediyon, wanda wani mai wayarin ya sa mini shekara guda kafin haka a madadin tsohuwar kaset. Rediyon mota yana da wayoyin wuta biyu: ruwan ɗorawa, wadda ke jone da batir kodayaushe, da ja, wadda bai kamata ta samu wuta ba sai an murɗa makulli. Mutumin ya murɗe su wuri ɗaya ya naɗe da salatif, saboda yara su iya jin waƙa ba tare da makulli ba. Sakamakon haka rediyon ba ya mutuwa gaba ɗaya, fuskarsa ce kawai ke yin duhu, ramin cajin waya da ke jikinsa kuma yana nan a raye dare da rana.

Na raba wayoyin, na mayar da jar inda ya dace, na ɗaure kan batir tamau, na je na gaya wa Baffa an kama ɓarawo. Har shayi na saya wa mutane a kan wannan nasara.

A farkon Satumba motar ta kwana uku a ajiye, ta tashi, ko da yake da ƙyar, na ce sanyin safiya ne. A zama na gaba ta kwana huɗu, ta ƙi tashi. Abin da gyaran rediyo ya ƙara mini ke nan, kwana ɗaya tak.

Ɗan yayata yana gyaran wayoyin hannu da kayan sola a kasuwa, kuma tun farko ya so ya zo da mitarsa, ni ne na ce aikin mota ba aikin waya ba ne. Wannan karon da kaina na je na ɗauko shi. Da ya ji labarin ƙwan fitila sai ya yi murmushi cikin ladabi ya ce, “Kawu, ƙwai mai wat 21 yana bukatar kusan amfiya biyu kafin ya yi haskensa sosai. Idan abin da ke ratsa shi bai fi rabin amfiya da 'yan kai ba, zaren zai yi zafi amma ba za ku ga jansa a cikin rana ba. Da kun yi gwajin da dare, ko da ƙaramin ƙwai, da kun ga bai mutu ba.” Ashe abin da ni da ƙanena muka gani raguwa ce, muka ɗauke ta a matsayin mutuwa.

Mun fara da cajin batirin a shagonsa har ya cika, muka bar shi ya huta wasu awoyi, mita ta nuna bolt 12.6. Wannan shi ne adadin cikakken batir irin na dalma da asid idan yana hutawa, 12.2 kusan rabi ne, abin da ya yi ƙasa da 12 kuwa saura ƙiris ya ƙare. Daga nan ya mayar da jar wayar mitar cikin ramin da aka rubuta 10A, ya juya ta zuwa ma'aunin amfiya, ya sa ta daidai inda na sa ƙwan fitila, tsakanin kan salib da wayarsa. Ya karɓi makullin motar daga hannuna ya sa a aljihunsa, ya ce muddin mita tana jone kada wanda ya murɗa, domin hita kaɗai tana jan gomman amfiya, sitata kuwa ɗaruruwa, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya ƙone mitar nan take. Ya kuma manne maɓallin ƙofa da salatif don mu iya barin ƙofar a buɗe ba tare da fitilar ciki ta kama ba. Sababbin motoci sai an jira kwamfutocinsu sun yi barci, wani lokaci har rabin awa ko fiye, kafin a yarda da abin da mita ta nuna. Boksina ba ta da kwamfuta ko ɗaya, saboda haka lambar farko ita ce gaskiyar magana, kuma lambar ita ce 0.62.

Abin da aka saba ɗauka a matsayin iyaka ga mota mai lafiya shi ne 0.05, mota irin tawa kuma, da ba ta da abin riƙewa sai agogo da rediyo, bai kamata ta kai ko rabin haka ba. Don in gamsu, na sa ya sake haɗe wayoyin rediyon nan biyu na ɗan lokaci, lambar ta tashi zuwa 0.83. Na ɗauki tsinke na yi lissafi a ƙasa. Amfiya 0.83 cikin awa 24 ya kusa amfiya-awa 20, a kwana uku 60 ke nan daga cikin 70 da batirin ke ɗauka. Amfiya 0.62 kuwa yana cin kusan 15 a rana, a kwana huɗu 60. Lissafin ya faɗa daidai kan kwanakin da motar ta yi mini, uku da farko, huɗu daga baya. Rediyon ɓarawo ne, amma ƙaramin ne, kashi ɗaya cikin huɗu na satar kawai yake yi.

Muka sake bin fis daga farko, na ƙarƙashin sitiyari da na cikin bonet, wannan karon muna rubuta lambar kowanne a bayan kwalin shayi. Fitilun gaba, na birki, hon, abin share gilashi, fanka, babu wanda ya motsa lambar. Daga ƙarshe muka zare su duka a lokaci ɗaya muka jera a kan kujera bisa tsarin da suke, mita tana nan a kan 0.62, ko kuma ƙasa da haka da ɗan abin da ba a rasa ba. A nan na ji gwiwata ta yi sanyi, domin duk abin da Baffa ya koya mini ya ƙare ne a akwatin fis, ga shi akwatin fis ɗin babu kowa a ciki.

Yaron ya ce mu daina kallon akwatin, mu kalli kan batir mai alamar tarawa, mu bi kowace waya da ta tashi daga can. Kafin mu fara sai da ya ja hankalina ga saman batirin, inda ƙura da laima da ɗigon asid suka haɗu suka yi wani danƙo. Ya ɗora baƙin tsinken mitarsa a kan salib, ya riƙa jan jan tsinken a kan robar, mita tana nuna 'yan bolt. Irin wannan datti yana ɗaukar wuta daga kai zuwa kai, kuma ba ya bayyana a gwajin da muke yi tunda bai ratsa ta waya ba. Mun wanke shi da ruwan kanwa, wanda ke kashe kaifin asid, muna kiyaye kada ya shiga ramukan ruwan batir, muka goge ya bushe. Gyara ne mai kyau, amma ba shi muke nema ba.

Wayoyi huɗu ne suka tashi daga kan batirin. Akwai wata siririya da ba ta kamfani ba, wadda muka bi ta ƙarƙashin mota ina kwance a kan buhu har bayan bodi, inda wani tsohon mai motar ya taɓa sa fitilar loda kaya da dare. Fitilar babu ita, bakin wayar yana lilo tsirara kusa da ƙarfe, ba fis ba komai. Na tabbata mun same shi, amma da muka cire ta lambar ba ta motsa ba. Na yanke ta duk da haka, domin ita ce irin wayar da ke ƙone mota. Kakkaurar wayar sitata ba ta da laifi, ta hita ma haka. Saura ɗaya, wadda ke zuwa bayan dinamo, a kan wani noti da aka yi wa alamar B.

Wannan wayar tana ɗauke da cikakken ƙarfin batir kodayaushe, kuma gangar jikin mota gaba ɗaya salib ce, saboda haka idan sifana ta taɓa notin ta taɓa inji a lokaci guda, za a ga walda ba a shirya ba. Mun cire mitar tukuna domin batirin ya rabu da motar gaba ɗaya, na cire agogon hannuna, na kwance notin, na naɗe bakin wayar da tsumma, sannan muka mayar da mitar. Ta nuna 0.01. Muka mayar da wayar, 0.62. Sau uku muka yi haka, domin na riga na sha kunya sau ɗaya a gaban Baffa.

Cire dinamon irin wannan inji yana da ɗan wahala, saboda famfon da ke zuƙe iska don taimakon birki a jikinsa yake, kuma bututun man inji suna shiga famfon. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, irin waɗanda ake kira kahrabaji, wanda ba ya sayar da batir, abin da ya sa na fi natsuwa da shi. Ya warware shi a kan tebur, ya raba farantin dayod da naɗin wayoyin tagulla, ya yi mini bayani yana gwaji. Dinamo yana samar da wuta mai kai da komo ne, batir kuma ba ya karɓar sai mai tafiya gefe ɗaya, shi ya sa aka sa dayod shida a kan farantin, uku a ɓangaren tarawa, uku a ɓangaren ɗebewa. Kowane dayod ƙofa ce mai buɗewa waje ɗaya: wuta ta fita zuwa batir, ba ta dawowa. Lafiyayyen dayod yana nuna kusan rabin bolt ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma ba ya nuna komai. Huɗu sun amsa haka. Ɗaya na ɓangaren tarawa ya buɗe ta kowace fuska, ɗaya na ɓangaren ɗebewa kuma yana yoyo. Da waɗannan biyun wutar batir ta samu hanya, ta shiga ta na farko, ta ratsa naɗin tagulla, ta fita ta na biyu zuwa gangar inji, tun daga lokacin da na kashe mota har in sake tayar da ita.

Na ce, “Usta, amma an gwada mini shi an ce yana caji.” Ya ce, “Yana caji mana, Alhaji, da sauran ƙofofin. Wanda ya gwada ya kunna fitilun gaba da fanka ya sake dubawa?” Na ce a'a. Ya ce da an yi haka da an ga 13.6 ɗin nan ta zube, domin lafiyayyen dinamo yana tsayawa ne tsakanin 13.8 da 14.4, kuma ba ya durƙushewa don an kunna fitila. Ya tambaye ni ko rediyona yana wani kuka siriri da ke tashi idan na taka mai. Watanni ke nan muna jin kukan, muna cewa arhar rediyon ce.

Sai ya yi tambayar da ta fi ci mini rai, ko na taɓa cire batir injin yana aiki. Na taɓa, kuma ba sau ɗaya ba. A gona, idan batirin tarakta ko na motar wani ya mutu kuma babu wayoyin jonawa, abin da muka saba shi ne a tayar da boksina, a zare batirinta tana aiki, a kai a tayar da waccan, a dawo da shi. Injin dizal ba ya mutuwa don haka tunda dinamo yana riƙe da shi, shi ya sa muke ganin babu illa. Usta ya ce batir shi ne ke shanye tsallen da wuta ke yi, idan aka zare shi dinamo yana cikin caji sai ƙarfin ya yi sama a lokaci ɗaya, kuma dayod ne ke fara karɓar bugun. A watan Yuni na wannan shekarar, lokacin shuka, sau biyu na yi hakan a rana ɗaya.

Ya sa sabon farantin dayod, ya canza gawayin dinamon tunda sun cinye, ya canza robar da ke hana man famfo shiga ciki. Da muka mayar da shi mita ta nuna bolt 14.1, na kunna fitilu da fanka ta sauka kaɗan ta tsaya a 13.9, kukan rediyo kuma ya ɓace. Da injin a kashe, komai a jone, abin da motar ke ja bai wuce 0.01 ba. Da gangan na bar ta kwana shida ban taɓa ta ba, ina zuwa kasuwa a raksha, wato babur mai ƙafa uku, a rana ta bakwai ta tashi a bugun farko, saura mako biyu a fara yankan riɗi.

Sabon batirin bai fita lafiya ba. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa tsiyaye shi har ƙasa ba, duk lokacin da ya kwana babu caji wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan dalmarsa, kuma ba duka ke narkewa ba idan an sake caji. Nawa ya mutu murus sau biyu, ya kuma galabaita sau da dama, cikin wata ɗaya da rabi. Ya kai ni ƙarshen kakar dawa, amma da zafin Afrilu ya shigo sai ya fara ja da baya, bai cika shekara ba na sauke shi. Ranar da na sauke shi na je gidan Baffa na ari tsohon da na ba shi, wanda yaron shago ya ce ya tsufa, na ɗora a boksi don in samu in isa kasuwa. Ya tayar da ita ba gardama, kuma Baffa ya sa sharaɗin in dawo masa da kayansa kafin magariba, saboda da shi yake kunna fitilar karatunsa.